Kalma Biyar a Wuni: Yadda Za Mu Ci Moriyar Intanet Wajen Koya wa Ƙannenmu Kalmomi a Aji



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Malamanmu da iyayenmu da ke zaune nan gaba, Allah ya ƙara girma, ina neman izininku. Shugabannin ƙungiya, maza da mata, sannunku da ɗawainiya. Ƴan uwa da kuka taso daga Tsarnawa da Bazaga da Allela, da na Malbaza da Dogarawa da Galmi, da na Illela da Badagishiri da Tajaye, barkanku da zuwa Birnin Ƙonni.

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini magana a kan kayan koyarwa da ake samu a intanet, musamman na koyar da kalmomi. Da yawanku malamai ne ko da ba a kiran ku da sunan. Wasu ƴan kwantaragi ne a lekwal, wasu suna koyarwa a madarasa ko Islamiyya da marece, wasu kuma ƴan lise ne ko ɗaliban jami'ar Tawa masu tara ƙanne lokacin hutu suna yi musu bita. To, da ku duka nake. Zan faɗi abin da ya sa kalma ta cancanci a tsaya a kanta, in nuna muku inda ake samun kayan aiki, in kawo yadda ake darasi da salula ɗaya tak, sannan in ja kunne a kan wuraren da ake zamewa.

Me ya sa kalma?

Ku dubi nauyin da ke kan yaron ƙasar nan. A gida Hausa yake ji, ko Fulatanci, ko Tamajak. Da asuba yana makarantar allo da Larabci. Da hantsi yana lekwal da Faransanci. In Allah ya kai shi kolej, ga Turancin Ingilishi na jiran sa, kuma mu da ke bakin iyaka, Illelar Amarawa na nan kusa, Ingilishin nan har kasuwa yake biyo mu. Kundin da ke jagorantar mulkin ƙasa a yanzu, wanda aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025, ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan harshe huɗu muke son yaron nan ya riƙe, kuma kowane da nasa rumbun kalmomi.

Binciken PASEC, wanda ke auna ƙoƙarin ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 ba su kai ɗaya cikin goma ba yaran Nijar da ke ƙarshen firamare kuma suke karatu da fahimta yadda ya kamata. A 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Alhamdu lillahi, amma ku lissafa: bakwai cikin goma suna barin CM2 alhali rubutu bai buɗe musu sosai ba. Waɗannan bakwai ɗin ƙannenmu ne, ɗiyanmu ne.

Yaro na iya haɗa baƙi da wasali, ya karanta shafi ɗungum da murya mai daɗi, ka tambaye shi abin da ya karanta ya yi zuru. Sau da yawa abin da ya tsaya masa kalmomi ne. Paul Nation, wani masanin koyar da harshe na ƙasar Niyuzilan, da abokiyar bincikensa sun nuna a shekarar 2000 cewa mai karatu na bukatar sanin wajen kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. A kan Ingilishi suka yi binciken, amma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san haka abin yake ga kowane harshe. Shafi mai kalma 200, in huɗu ne baƙi gare ka, za ka wuce. In ashirin ne, ka ɓata a daji.

Kuma ba manyan kalmomi kaɗai ke kada yara ba. Ku duba takardun jarrabawar BEPC, ku ga kalmomin umarni: souligne, relève, compare, justifie, déduis. Ɗalibi ya san amsa sarai, amma an ce ya ja layi ƙarƙashi shi kuma ya sake kwafe jimlar, maki ya tafi. A lissafi an ce produit, shi kuwa abin da ya sani da wannan suna kayan sayarwa ne ko maganin feshi na gona, bai san sakamakon ninkawa ake nufi ba. Racine a darasin tsirrai saiwa ce, a lissafi wani abu ne dabam. Irin waɗannan ƙananan duwatsu su ke sa tuntuɓe, har yaro ya yanke ƙauna ya ce boko ba nasa ba ne, ya kama kabu-kabu ko ya tafi bida.

Na'ura ba baƙuwa ba ce a ajin Nijar

Kada wani ya ɗauka mu ne farkon shigar da na'ura aji. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da ƴan firamare ta talabijin, a lokacin da ƙasashe da yawa ba su ma yi tunanin haka ba, kuma shirin ya yi shekaru kafin a tsayar da shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Akwatunan talabijin ɗin nan yau babu su, amma malami da alli da allo suna nan. Darasin da za mu ɗauka shi ne, salula kayan aiki ce kamar hauya. Hauya ba ta noma da kanta, kuma mai ƙwazo da tsohuwar hauya ya fi rago da sabuwa.

Kashi na farko: ƙamusoshi

Ita kanta kalmar ƙamus tana da labari. Asalin ma'anarta a Larabci teku ce. Firuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 bayan Hijira, ya sa wa littafinsa suna Alƙamusul Muhiɗ, littafin ya shahara har sunan ya bi kowane littafin ma'anonin kalmomi. Da can sai babban malami ke mallakar irin wannan littafi. Yau yana cikin aljihunku.

Na Hausa da Faransanci, ku nemi DiLAF. Wani aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin masana na Nijar da na Faransa da wasu ƙasashe, wanda ya ɗora ƙamusoshin harsunan Afirka a intanet kyauta. Na Hausar da ke ciki an tsara shi ne a nan Nijar a 2008 domin makarantun firamare, yana da kalmomi sama da 7,000, da ma'ana da jimlar misali cikin Hausa, sannan fassarar Faransanci. Akwai na Zabarmanci da Barbarci da Tamajak. Amfaninsa gare mu shi ne da Hausar Nijar aka rubuta shi, da ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999. Wanda kuma ya ci karo da ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini a kanti ko a hannun wani tsohon mushe, ya riƙe shi da kyau.

Na Hausa da Ingilishi, ƙamus na Bargery da aka buga a 1934, mai kalmomi kusan 39,000, an sa shi a intanet ana iya bincikawa. Tsoho ne, amma yana nuna kalmar da ake faɗi a Sakkwato ko Katsina ko Gobir, shi ya sa za ku tarar da maganar kakanninku a cikinsa. Na Faransanci zalla akwai Larousse da Le Robert da Wiktionnaire, kuma a mafi yawan kalmomi akwai wurin da za ka taɓa ka ji yadda ake furta su. Wannan babban abu ne ga malamin da shi ma a littafi ya koyi kalmar, bai taɓa jin ta a bakin kowa ba. Na Larabci akwai Almaany, mai tattaro bayanin tsofaffin ƙamusoshi da na zamani wuri ɗaya, yana kuma fassarawa zuwa Faransanci da Ingilishi.

Kashi na biyu: littattafan karatu na kyauta

Kalma ba ta zama a kan yaro in ita kaɗai aka miƙa masa. Cikin labari take samun gindin zama. Akwai rumbuna huɗu da nake son ku rubuta sunayensu: African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2014, StoryWeaver na ƙasar Indiya, Bloom Library, da Global Digital Library. Dukansu suna da ƙananan littattafai masu hotuna, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Za ku samu na Faransanci da Larabci da Ingilishi da yawa, na Hausa ma akwai. Mafi yawansu an ba da izinin a sauke, a buga a takarda, a fassara, ba tare da biyan ko dala ba. Manhajar Bloom Reader kuwa, in ka sauke littafi sau ɗaya, kana iya tura wa wani ba tare da intanet ba, wasu littattafan ma da murya suke.

Ga ƴan CM da kolej akwai Vikidia, kundin sani na yara cikin Faransanci mai sauƙi. Akwai kuma manhajar Kiwix, wadda ke ba ka damar sauke Vikidia ko Wikipedia ko Wiktionnaire ka ajiye a salula, ka riƙa buɗewa ko a tsakiyar gona inda babu rezo.

Kashi na uku: katunan maimaitawa

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna yadda mutum ke mantuwa. Ya gano yawancin abin da aka koya yana zubewa ne cikin awoyi da kwanakin farko, amma in aka waiwaye shi bayan ɗan lokaci, aka sake waiwaya bayan tazara mafi tsawo, sai ya zauna. Mu da muka tashi da tilawa da muraja'a ba sai an yi mana dogon bayani ba. Gardi ya san abin da aka bari ba a waiwaya ba, tafiya yake.

Manhajar Anki a kan wannan aka gina ta. Kana rubuta kalma a fuskar kati, ma'anarta a bayansa, kana iya ƙara hoto da murya. Ita ke lissafa ranar da za ta sake nuna maka kowane kati: wanda ka sani ta jinkirta shi, wanda ya ba ka wuya ta dawo da shi gobe. A salular Android kyauta ce, sunanta AnkiDroid, kuma tana aiki babu intanet. Akwai Quizlet da Kahoot masu wasanni da gasa, sai dai sun fi dacewa da ajin da ke da intanet mai ƙarfi da na'urori da yawa, wasu sassansu kuma sai an biya. Ku san da su, amma kada ku ɗora darasinku a kansu.

Ga wanda ba shi da salula, akwai dabarar da Sebastian Leitner ya bayyana a 1972, kuma kwalin sukari ko na sabulu ya isa. A raba kwali gida uku. Gidan farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da yaro ya amsa daidai ya matsa gaba, wanda ya kuskure ya koma gidan farko. Malami ya ɗauko kalmomin daga intanet, yara su yanka tsohon kwali su rubuta katunansu da hannunsu. Ga na'ura ta yi aikinta, ga kowa ya samu rabonsa.

Kashi na huɗu: kalmomin Larabci

Malamanmu na zaure sun daɗe da hanyarsu: a karanta kalma, a ba da ma'anarta da Hausa, a wuce ta gaba, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Ishiriniya da Maƙamatul Hariri, inda ɗalibi ke tara lugga. Hanya ce da ta fitar da manyan malamai. Abin da intanet ya ƙara mana shi ne saurin bin saiwar kalma.

Ku ɗauki baƙaƙe uku: kaf, ta, ba. Daga cikinsu aka samu kataba, ya rubuta, katib, marubuci, kitab, wanda ya zama littafi a bakinmu, maktab, wurin rubutu, maktub, abin da aka rubuta. Ku ɗauki ain, lam, mim: ilimi, malami, alama, duk ƴan gida ɗaya ne. Yaron da aka nuna wa wannan ya samu kalma biyar a kuɗin ɗaya. Shafin Quranic Arabic Corpus, wanda Kais Dukes ya gina a jami'ar Leeds ta Ingila, ya bi kalmomin Alƙur'ani sama da 77,000 ɗaya bayan ɗaya, ya nuna saiwar kowace da sauran wuraren da ta zo. Bayaninsa da Ingilishi ne, amma jerin saiwoyin kowa na iya amfana da shi. Littattafan Durusul Lugga na Dokta Abdurrahim, waɗanda aka fi sani da littattafan Madina, su ma suna nan kyauta.

Sai dai ku kula da abu biyu. Na ɗaya, yawancin manhajojin nan da ruwayar Hafs suke, mu kuwa allunanmu da Warshu aka rubuta. Tun a Fatiha akwai kalmar da Hafs ke ja, Warshu ba ya ja, kuma ƙidayar ayoyi ta bambanta: 6,236 a can, 6,214 a nan. Rubutun ma ba ɗaya ba ne. A allonmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. A salula fa ce mai ɗigo ɗaya a sama. Yaron da ba a gaya wa ba, zai ga fa ya karanta ƙaf, kuma laifin ba nasa ba ne. Ku gaya masa tun ranar farko, ko ku nemi manhajar da ke da Warshu.

Na biyu, kalmar aro takan sauya ma'ana a hanya. Tajir a Larabci ɗan kasuwa ne, attajiri a Hausa mai dukiya ne. Haja a Larabci bukata ce, a Hausa kayan sayarwa. Almuhajir mai ƙaura ne, almajiri kun san shi. Kamannin nan taimako ne, amma a tabbatar kafin a faɗa wa yara. Abin da ya shafi tafsiri ko hukunci kuwa, ƙamus ba ya yanke shi, a koma wurin malamai.

Darasi da salula ɗaya

Na san abin da wasunku ke faɗi a zuci: Malam, ajina na zana ne, yara sun fi saba'in, kuran yau akwai gobe babu, mega kuma da tsada. Gaskiya ne. Shi ya sa tsarin da zan kawo bai bukatar intanet a cikin aji ko kaɗan.

Aikin da dare yake farawa, ko duk lokacin da ka samu rezo. Ka duba rubutun da za a karanta gobe, ka tsamo kalma biyar. Kada ka zaɓi wadda kowa ya sani, kada kuma ka zaɓi wadda yaro ba zai sake gamuwa da ita ba sai bayan shekara goma. Zaɓi wadda ma'anar rubutun ta rataya a kanta, kuma za ta sake fitowa a wasu darussa. A ce rubutun a kan noman rani ne: barrage, canal, irriguer, récolte, rendement. Ka duba ma'anar kowace a ƙamus biyu, ka saurari furucinta, ka ajiye muryar. In kana son hoto, mu a nan ba sai mun aro na wata ƙasa ba. Ga madatsun Mozage da Zango, ga hanyoyin ruwa na gandun noman rani na Ƙonni, ga albasar Galmi. Ka ɗauki hotonka da kanka. Yaron da ya ga kanal ɗin da babansa ke jan ruwa daga gare shi, an ce masa wannan shi ne canal, ya riƙe har abada. Gani ya kori ji.

A aji minti ashirin sun isa. Ka faɗi kalmar, ka sa muryar da ka ajiye ta ƙaramin lasifika mai Bluetooth, yara su maimaita. Ka zagaya da hoton layi-layi, ko ka zana a allo. Ka ba da ma'ana da Hausa a taƙaice, ba kunya a ciki, gada ce ake bi a ƙetare. Ka kawo jimla biyu daga rayuwarsu. Sannan kowane yaro ya juya ga na kusa da shi ya gina tasa jimlar, ka zaɓi uku ko huɗu su faɗa a fili, mata da maza. Su rubuta a ƙananan allunansu su ɗaga ka gani. A ƙarshe kalmomin su shiga gidan farko na kwali. Gobe kafin sabbin biyar, a fara da na jiya. Ranar ƙarshen mako kada a kawo sabuwa, a raba aji gida biyu a yi gasa da ashirin ɗin da aka tara.

Ku yi lissafi tare da ni. Kalma biyar, kwana huɗu a mako, mako talatin a shekarar karatu: kalma 600 ke nan. Jerin kalmomin Faransanci na tushe da masana suka fitar a Faransa a shekarun 1950, matakinsa na farko bai kai kalma 1,500 ba. Ke nan cikin shekara biyu da rabi, malami mai naci zai iya ratsa adadi irin wannan da yaransa. Da yayyafi kogi kan cika.

Wuraren da ake zamewa

Na farko, fassarar na'ura. Google Translate ya sa Hausa tun Disamba 2013, kuma yana taimako, amma bai jin karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, duk rubutunsu ɗaya, sai dai ya yi hasashe. Haka manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira: suna amsawa da ƙarfin hali ko sun sani ko ba su sani ba, har sukan ƙago kalmar Hausa da ba wanda ya taɓa ji. Ƙa'idarmu ita ce, kalmar da ba ka tabbatar a ƙamus ko a bakin masani ba, kada ta hau allo. Kuskuren malami ɗaya, yara saba'in ke kai shi gida.

Na biyu, yawancin Hausar intanet ta Najeriya ce. Hausa ce mai kyau, amma akwai bambanci. Jika a wurinmu sefa 1,000 ce, jaka a can naira 200. Dala a nan sefa biyar ce, a labaran can kuɗin Amurka ne. Mu mun ce duwan, su kwastan. Mu kuran, su lantarki. Mu bik, su biro. Mu ɗiya, su ƴa. Ku koya wa yara duka biyun, ku gaya musu wanne ake faɗi a ina. Kada ku bar yaro ya ɗauka maganar gidansu kuskure ce don bai gan ta a salula ba.

Na uku, rubutu. Ku sa allon rubutun Hausa a salularku, Gboard yana da shi, don ku samu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka bari da ɓari, haka daki da ɗaki.

Na huɗu, amana. Kada ka taɓa neman hoto a intanet a gaban yara, don ba ka san abin da zai faɗo ba, ga kuma tallace-tallace marasa kan gado. Ka nema kai kaɗai, ka tace, ka ajiye, ka kashe intanet kafin ka shiga aji. Kada a ɗauki hoton ɗiyan mutane a watsa a WhatsApp ko Facebook ba da yardar iyayensu ba. Ka kuma sanar da darakta ko shugaban makaranta abin da kake yi da salula a aji, don kada a ɗauka hira kake.

Na biyar, adalci. In ka ce aikin gida sai da salula, ka ware ɗan talaka, ka kuma ware yawancin ƴan mata, don a gidaje da yawa ba a ba su. Duk abin da ka ɗauko daga intanet, ya ƙare a allo da takarda, inda kowa zai kai hannu.

Mu ma muna da abin zubawa

Kada mu zama masu ɗiba kawai. A ƙasar Illela da Badagishiri manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa, ramukan nan da ake zuba taki a ciki su tare ruwan sama, har baƙi na zuwa daga nesa su gani. Mutanen Galmi suna da rudu na ajiyar albasa. Akwai sunayen ƙasa, jigawa da fadama da fako, akwai sunayen iri, da na kayan saƙa da ƙira da jima, waɗanda tsofaffinmu suka sani, mu kuwa mun fara saki. Kowace irin wannan kalma da ba a rubuta ba, ranar da mai ita ya koma ga Allah ta bi shi. Salular nan da ke hannunku tana naɗar murya. Ku zauna gaban Baba ko Inna ko Kaka da ladabi, ku nemi izini, ku tambaya, ku rubuta kalmar da ma'anarta da jimlar da aka faɗe ta a ciki. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga mai son rubutu, shirin Common Voice na Mozilla kuma yana karɓar muryoyin masu Hausa. In ba mu sa Hausar Ƙonni da Adar a ciki ba, na'urorin gobe ba za su san da ita ba.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Shawarata uku ce. Ta farko, kowane reshe, Ƙonni da Malbaza da Illela, ya ware mutum uku, a ciki har da mace, su sauke ƙamusoshi da littattafai da muryoyi a katin ajiya ɗaya, a riƙa tura wa sauran ta Bluetooth ko Xender. Mega ɗin mutum ɗaya ya wadatar da ashirin. Ta biyu, masu koyar da aji iri ɗaya su haɗu su fitar da jerin kalmomin wata guda, wani malami da ya ƙware ya duba kafin a raba. Ta uku, kowane ɗayanmu ya kawo kalma goma daga bakin tsofaffin garinsu kafin taro mai zuwa, a haɗa, a ga abin da zai fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan uwa, wanda ke da aji, ya fara ranar da aka koma makaranta. Wanda ba shi da aji, yana da ƙane ko ƙanwa a gida, kwali kuma ba ya wuyar samu. Kalma biyar ce kawai a wuni, amma a riƙe ta kullum.

Allah ya sa wa wannan ƙungiya albarka, ya saka wa waɗanda suka kafa ta da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya buɗa wa ƙannenmu basira, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.